Yadda ake gane kamfanin da ya ƙera tsohuwar ma'adanar kwamfuta

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake aiki da su a shagunan buga takardu, da rumfunan masu tura fina-finai a waya, da ƙananan ofisoshi a Jahun, Kiyawa da Dutse, na hannu ne. Sukan shigo ƙasar nan ta Legas, su ratsa kasuwannin Computer Village da ke Ikeja da Alaba, sannan su iso Kano, inda 'yan kasuwar Jigawa ke sarowa a wurare irin su Farm Centre da titin Beirut. A jikin kowacce akwai sunan da kowa ya sani, kamar HP, Dell, Lenovo ko Acer.

Sai dai babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni huɗu da ke ƙera ma'adanar bayanai, wato ƙaramin akwatin ƙarfen nan mai faifai a ciki da masu gyara ke kira had-dis. Kamfanin HP ya taɓa ƙerawa, amma ya rufe wannan sashe tun a 1996. Dukansu sayowa suke yi daga wasu kamfanoni, su manna tasu takardar a kai. Shi ya sa sau da yawa sunan da ke jikin ma'adana yake na dillali, ko na kamfanin da ya gaji sunan, alhali maƙerinta na ainihi yana ɓoye a cikin wasu lambobi.

Abin da ya sa sanin maƙeri ke da muhimmanci

Dalili na farko shi ne ceto bayanai. Idan wutar lantarki ta ƙona allon da ke ƙarƙashin ma'adana, wanda masu gyara ke kira fanel, ba a iya ɗora mata kowane irin allo. Dole sai an samo irinsa daga ma'adanar da ta fito daga gida ɗaya, kuma a yawancin ma'adanan da aka yi daga farkon shekarun 2000 sai an ciro wani ɗan ƙaramin guntu mai ɗauke da bayanan daidaita faifan daga tsohon allon an mayar kan sabon. Ma'aikacin da ke riƙe da jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, ko mai hoton da hotunan bikin mutane ke hannunsa, yana iya rasa komai idan mai gyara ya bi sunan da ke kan takarda ya sayo allon da bai dace ba.

Na biyu shi ne garanti. Ma'adanar da aka ƙera wa HP ko Dell, garantinta yana wuyan kamfanin kwamfutar ne, maƙerin ba ya karɓar ta kai-tsaye. Na uku kuma farashi: wanda bai san maƙeri da shekarar ƙira ba, cinikin biri a sama yake yi. Akwai kuma wasu samfura da aka san su da matsala a tarihi, kamar Deskstar 75GXP ta kamfanin IBM da ta fito a 2000, wadda ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa da wuri, da Barracuda 7200.11 ta Seagate, wadda aka gano kuskure a manhajar cikinta har kamfanin ya fitar da gyara a farkon 2009. Wanda ya iya karanta lamba zai gane irinsu tun kafin ya biya kuɗi.

Yadda kamfanoni suka haɗiye juna

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fitar da ma'adanar farko a 1956, tare da kwamfutar RAMAC 305. Tana da faifai 50, kowanne faɗinsa inci 24, amma duk abin da take iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan biyar ba, wanda bai kai nauyin hoto biyu na wayar zamani ba. A 1980 Seagate ya fitar da ST-506 mai ɗaukar megabait 5, wadda ta dace da ƙananan kwamfutoci. Daga nan kamfanoni da dama suka shiga sana'ar, amma gasa da faɗuwar farashi suka riƙa kayar da su ɗaya bayan ɗaya, manya suna saye ƙanana.

Seagate ya sayi Imprimis a 1989, ya sayi Conner a 1996. Maxtor ya sayi sashen ma'adanai na Quantum a 2001, shi ma Seagate ya saye shi a 2006, sannan ya ƙara da sashen ma'adanai na Samsung a 2011. A wani ɓangaren, Hitachi na Japan ya karɓi sashen IBM a 2003, aka kira sabon kamfanin HGST, wanda Western Digital ya saya a 2012. Toshiba kuwa ya karɓi na Fujitsu a 2009. A yau kamfanoni uku kacal suka rage masu ƙera ma'adana mai faifai a duniya: Seagate, Western Digital da Toshiba.

Wannan tarihi ne ya haifar da ruɗanin. Idan kamfani ya sayi wani, yakan ci gaba da ƙera tsohon samfurin a ƙarƙashin sabon suna, ko ya ɗora tsohon sunan a kan sabon samfuri. Ma'adanar D740X da aka sayar da sunan Maxtor ƙirar injiniyoyin Quantum ce. Su ma ma'adanan Quantum ɗin, kamfanin Matsushita-Kotobuki na Japan ne ya daɗe yana haɗa su. Ma'adanan Maxtor na ƙarshe-ƙarshe kuwa na Seagate ne da aka sauya wa takarda. Haka nan jerin DT01ACA na Toshiba, da ake yawan gani a kwamfutocin tebur, asalin ƙirarsu ta Hitachi ce, domin a 2012 hukumomin kula da gasar kasuwanci sun sa Western Digital ya sayar wa Toshiba wani ɓangare na masana'antar ma'adanai masu inci 3.5 kafin su amince ya mallaki HGST.

Shaida ta farko: lambar samfuri

A kan takardar kowace ma'adana akwai lambobi da yawa, kuma ba duka ne ke nuna maƙeri ba. Lambar da Dell ke rubutawa bayan DP/N, da wadda Lenovo ke rubutawa bayan FRU, da lambar kayan gyara ta HP, duk na ɗakin ajiyar kamfanin kwamfutar ne. Lamba ɗaya ta HP tana iya zama a kan ma'adanar Seagate yau, gobe a kan ta Toshiba. Abin nema shi ne lambar samfuri, wadda ke bayan kalmar Model ko MDL, kuma haruffanta na farko su ne sunan gidan da ta fito:

ST: Seagate. Idan STM ce, Maxtor ce ta zamanin Seagate.
WD: Western Digital.
HTS, HDS, HDT, HUA ko HUS: Hitachi ko HGST.
DTLA, DJNA ko DPTA: IBM. Masu farawa da IC25 ko IC35 na ƙarshen zamanin IBM ne da farkon na Hitachi.
MK, MQ, MG ko DT01: Toshiba.
MHV, MHY, MHZ, MJA ko MPG: Fujitsu.
HM, HD, HN, SP ko SV: Samsung.

Lambar takan faɗi girman ma'adanar ma. A tsohon tsarin Seagate, ST3500418AS na nufin mai inci 3.5 ta kwamfutar tebur, mai gigabait 500, yayin da ST9320325AS ke nufin mai inci 2.5 ta kwamfutar tafi-da-gidanka, mai gigabait 320. WD5000AAKX gigabait 500 ce, WD10EZEX kuma terabait ɗaya. A lambar HTS545050A7E380, 54 na nuna faifan yana juyawa sau 5,400 a minti, 50 ta biyu kuma tana nuna gigabait 500. MQ01ABF050 ta Toshiba ita ma gigabait 500 ce. Duk ma'adanar da aka rubuta mata terabait ɗaya da manyan haruffa, amma lambar samfurinta ta ce 320, an taɓa takardarta.

Wani lokaci akan ga lambar samfuri biyu a kan takarda ɗaya, kuma wannan ba alamar jabu ba ce. Misalin da ya fi yawa a kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu shi ne ST1000LM024, wadda ke ɗauke da HN-M101MBB a gefenta. Lambar farko ta Seagate ce, mai mallaka, ta biyu kuma ta Samsung ce, mai ƙira. Mai neman allon gyara ga irin wannan ma'adana, na gidan Samsung zai nema.

Shaida ta biyu: abin da ma'adanar ke faɗa da bakinta

Takarda ana iya ɓare ta a manna wata, amma kowace ma'adana tana ɗauke da sunanta da lambarta a cikin manhajar cikinta, kuma tana faɗa wa kwamfuta da zarar an jona ta. A Windows ana ganin wannan a Device Manager, ƙarƙashin Disk drives. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lambar samfuri da lambar siriyal da lambar manhajar ciki a shafi ɗaya. Masu aiki da Linux suna amfani da smartctl.

Abin dubawa shi ne ko abin da ya fito a allon kwamfuta ya yi daidai da abin da ke kan takarda, harafi da harafi, musamman lambar siriyal. Ma'adanar Western Digital takan gabatar da kanta da WDC kafin lambar samfuri, kuma siriyal ɗinta yakan fara da WD. Ta Seagate siriyal ɗinta haruffa da lambobi takwas ne. Ma'adanan da aka yi wa Apple sukan ce APPLE HDD, amma abin da ke biye, ko HTS ko ST, shi ke tona asalinsu. Na manyan kwamfutocin HP da bankuna da manyan ma'aikatu ke amfani da su kuwa sukan faɗi lambar HP kaɗai, kamar masu farawa da EG ko MB, don haka sai an koma ga ƙananan rubutun da ke kan takarda ko ga sauran shaidu.

Wannan hanya ce kuma ta gane abin da ke cikin ma'adanar waje mai igiyar USB, irin wadda masu tura fina-finai ke tara kayansu a ciki. Kamfanoni irin su Transcend, Adata, Verbatim da Buffalo akwatin kawai suke yi. Faifan da ke ciki na ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan ne. Ma'adanan waje masu sunan Samsung da aka yi bayan 2011, da masu sunan Maxtor da suka sake fitowa a 2016, duk na Seagate ne. Device Manager yakan nuna sunan akwatin kawai, amma CrystalDiskInfo yakan iya leƙa ciki ya faɗi lambar faifan.

Shaida ta uku: lambar WWN

Yawancin ma'adanan SATA suna da wata lamba mai alamomi 16 da ake kira WWN, wadda ake bugawa a kan takarda kuma smartctl ke iya karantowa daga ciki. Tana farawa da 5, sannan alamomi shida da ke biye lambar rajistar kamfani ce da cibiyar IEEE ta Amurka ke bayarwa. Idan WWN ta fara da 5000C50, Seagate ce. Idan 50014EE ce, Western Digital. 5000CCA ta Hitachi ce ko HGST, 5000039 ta Toshiba, 500000E ta Fujitsu, 50024E9 da 50000F0 kuma na Samsung.

Wannan lamba ce ke nuna cewa wasu manyan ma'adanai masu terabait 8 zuwa sama, da ake sayarwa da sunan Western Digital, daga masana'antar HGST suka fito, domin WWN ɗinsu da 5000CCA take farawa. Iyakarta ita ce tsofaffin ma'adanan IDE, masu faffaɗar igiya da ƙusoshi 40, da yawansu ba su da ita sam.

Shaida ta huɗu: allon lantarki

Idan aka kifa ma'adana za a ga allon lantarkinta, galibi kore, kuma a jikinsa akwai lambar da aka buga tun daga masana'anta. Wannan ita ce shaidar da ta fi wuyar sauyawa, ita ce kuma ke aiki ko da ma'adanar ta mutu, ko takardarta ta goge. Allon Western Digital yana ɗauke da lamba mai farawa da 2060. Na Seagate lambobi tara ne masu farawa da 100. Na Samsung yana farawa da BF41, na Toshiba na kwamfutar tafi-da-gidanka kuma da G00. Na Hitachi yakan ɗauki ƙaramar takarda mai lamba da ke farawa da 0A ko 0J. A wasu ma'adanan lambar tana fuskar ciki, sai an kwance notunan allon kafin a gan ta.

Kwance allon ba ya cutar da ma'adana idan an yi a hankali. Buɗe murfin ƙarfen da ke rufe da faifan kuwa shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa. Allurar da ke karanta bayanai tana shawagi a saman faifan da tazarar da ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka buɗe shi a shago, balle a lokacin hunturu da ƙura ke tashi, yana iya kashe shi nan take.

Ƙasar da aka rubuta a kan takarda ba ta raba gardama. Thailand, Malesiya, Sin, Singafo da Filifin duk sun karɓi masana'antun kamfanoni daban-daban, kuma kamfani ɗaya yakan ƙera samfuri ɗaya a ƙasashe biyu.

Shekarunta nawa, kuma nawa ta yi aiki?

Bayan an san maƙeri, sai a nemi shekaru. Western Digital, Hitachi da Samsung sukan rubuta watan ƙira da shekara a fili. Tsofaffin ma'adanan Seagate kuwa suna da lambar kwanan wata da ke bin shekarar kuɗi ta kamfanin, wadda ke farawa a watan Yuli. Lamba 10142, alal misali, tana nufin shekarar kuɗi ta 2010, mako na 14, rana ta biyu, wato farkon watan Oktoban 2009. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ma'adanar ta 2010 ce.

Kowace ma'adana kuma tana ajiye tarihin lafiyarta a wani tsari da ake kira SMART, wanda CrystalDiskInfo ke nunawa. Layi mai lamba 09 yana faɗin yawan sa'o'in da ta yi a kunne. Shekara ɗaya sa'o'i 8,760 ce, saboda haka ma'adanar da ta nuna 26,000 ta yi kusan shekara uku tana aiki dare da rana. Layi mai lamba 05 yana ƙirga gurbin da suka lalace aka maye su da wasu, C5 kuma waɗanda ke shirin lalacewa. Idan ɗayansu ya wuce sifili, bai kamata a ajiye abin da ba a son rasawa a kanta ba.

Sai dai shi ma SMART ana iya share shi. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise da ke Jamus ta bayar da rahoton cewa masu saye a ƙasashe da dama sun karɓi ma'adanan Seagate Exos a matsayin sababbi, alhali wasu 'yan damfara ne suka mayar da ƙidayar sa'o'insu sifili bayan sun yi dubban sa'o'i suna aiki. Abin da ya tona asirin shi ne wani kundi na biyu mai suna FARM da wasu ma'adanan Seagate ke ajiyewa, wanda masu sharewar suka bari. Darasin ya shafi mai saye a kowace kasuwa: ma'adanar da aka ƙera a 2012, mai ƙuraje a wajen notuna da tabo a bakin igiya, amma ta nuna sa'o'i goma kacal, akwai lauje cikin naɗi.

Gyararru, masu farar takarda, da jabu

Ba kowace ma'adana da aka sake wa takarda ce ta damfara ba. Kamfanonin da kansu suna gyara waɗanda aka mayar musu, su sake sayarwa da rubutun Recertified a jiki. Na Seagate an san su da koren layi da ya zagaye takardar. Akwai kuma masu farar takarda, waɗanda wasu dillalai ke sayowa da yawa, su cire sunan maƙeri su sa nasu, wani lokaci har su sauya sunan da ma'adanar ke faɗa wa kwamfuta. Irin waɗannan, allon lantarki da siffar ƙarfen ne kawai ke nuna gidansu. Laifin yana zuwa ne idan aka sayar da su da kuɗin sabuwa.

Jabun ainihi ya fi yawa a ma'adanan waje. Akan sami akwati mai sunan babban kamfani, a ciki babu faifai sai ƙaramar filasha da aka yi wa dabara ta riƙa nuna terabait biyu, tare da guntun ƙarfe don ta yi nauyi. Tana karɓar fayil kamar gaske, amma da zarar ainihin cikinta ya cika sai sabon ya riƙa goge tsohon. Ma'adana mai faifai tana ɗan kaɗawa da ƙara mai laushi idan aka jona ta. Wadda ta yi tsit abar tuhuma ce, sai dai idan an sayar da ita a matsayin SSD, wadda ba ta da faifai tun asali. Manhajar H2testw tana cika ma'adana da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi ainihin girmanta, ko da yake gwajin yana ɗaukar sa'o'i.

Akwai kuma abin da ke jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa ba tare da laifin kowa ba. Ma'adanar gigabait 500 takan nuna kusan 465 a Windows, ta terabait ɗaya kuma 931. Bambancin lissafi ne: maƙera suna ƙirga dubu-dubu, Windows kuma yana ƙirga 1,024.

Kafin a biya kuɗi

Ga mai saye daga Jahun ko Dutse, wanda komawa Kano don mayar da kaya ke ci masa yini guda da kuɗin mota, gwaji a gaban mai shago ya fi sauƙi. Ya karanta lambar samfuri, ya duba lambar allo, ya sa a jona ma'adanar a buɗe CrystalDiskInfo, ya gwada siriyal ɗin allon kwamfuta da na takarda, sannan ya duba sa'o'i da layukan 05 da C5. Seagate da Western Digital suna da shafukan intanet da ake shigar da siriyal a ga matsayin garanti. Ya kuma nemi a rubuta masa lambar siriyal a kan rasit, domin ita ce hujjarsa idan ya dawo da kaya, kuma ita ce kariyar mai shago daga wanda zai dawo masa da wata dabam. Jami'in da ke sayo wa ofis kaya ya fi kowa buƙatar wannan, tunda shi za a tambaya ranar da mai binciken kuɗi ya zo.

Shaida ɗaya ba ta isa ba, domin kowacce akwai yadda ake ruɗa ta. Idan takarda da allo da WWN da abin da ma'adanar ta faɗa suka haɗu a kan gida ɗaya, an san maƙeri. Idan suka saɓa, sai a duba ko tarihin sayen kamfanoni ya bayyana saɓanin, kamar na Seagate da Samsung ko na Western Digital da HGST. Idan bai bayyana ba, a bar ta a kan tebur. Kuma ko wane ne ya ƙera ta, tsohuwar ma'adana ba ta sanar da ranar mutuwarta, don haka duk bayanin da ke da daraja a ajiye kwafinsa a wuri na biyu.